Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗura Gas Na Birnin Kebbi Da Kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena Alhazai masu gidajen gas, da yayyena masu ƙananan shaguna, da ƙannena samarin da ke tsaye kan tiyo tun safe har dare, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafi. Allah Ya sa wa nemanku albarka, Ya tsare ku da dukiyarku.

Ni malamar kemistiri ce a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, kuma matar gida ce da ke dafa wa iyalinta abinci da gas ɗin da kuke ɗurawa. Takardar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Matan layinmu ne suka ce tunda ni ke koyar da abin a aji, in rubuta a madadinsu. Wasu abokan aikina malaman kimiyya suka sa baki. Sannan akwai maƙwabtan da bangon ɗakin kwanansu shi ne bangon shagonku, waɗanda ke jin nauyin tunkarar ku kada a ce hassada ce.

Mun san amfaninku. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace da gawayi kullum hawa suke, dajin ma ya ja baya. Ba don kun kawo gas cikin unguwa ba, daga Gesse zuwa Badariya, daga Bayan Kara zuwa Rafin Atiku, har Kalgo da Jega da Argungu, da mata da yawa har yau suna hawaye a gaban murhu. Ba ma neman kowa ya rufe shago. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne bazara ta sake kamawa, kuma a layinmu an buɗe sabon wurin ɗuri tsakanin teburin mai shayi da ƙofar wata Islamiyya. Ba mu ga sikeli ba, ba mu ga abin kashe gobara ba, tukwane kuwa jere suke a rana don mai wucewa ya gani. Da muka tambayi 'yan'uwa a wasu unguwanni, sai muka tarar ba shi kaɗai ba ne.

Da rana zan fara. Kowa a garin nan ya san daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Ƙarfen da ya wuni a fili kuwa ya wuce haka nesa, wanda ya taɓa dafa tankin babur da azahar ya sani. Abin da ke cikin tukunyar gas ba iska zalla ba ce, ku girgiza ta za ku ji motsin ruwa. Ruwan nan haɗin sinadarai biyu ne, furofen da biyuten. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifiri, biyuten kuma a wajen sifiri. Ke nan a yanayinmu dukansu sun riga sun wuce zafin tafasarsu, matsin da ke cikin ƙarfen ne kawai ya danne su suka zauna a matsayin ruwa.

A aji muna koya wa ɗalibai cewa in aka rufe iska a mazubin da ba ya faɗaɗa, matsinta yana hawa daidai da hawan zafi, sai dai zafin a ƙirga shi daga tushe, wato a ƙara 273 a kan digirin da muka saba. Wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya lura da haka tun wajen shekarar 1700. Daga digiri 20 zuwa 40 ya zama daga 293 zuwa 313, ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. Lissafin tayar mota ke nan, shi ya sa mai facin da ya san aikinsa ba ya son gwada taya tana da zafi bayan doguwar tafiya. Tukunyar gas ba ta tsayawa a kashi 7, domin a ƙasanta akwai ruwan da ke ƙara turo tururi sama duk sanda zafi ya ƙaru.

Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira bar. Bar ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin kilo ɗaya a kan wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 zuwa 2 da rabi. Furofen zalla a digiri 20 matsinsa bar 8 ne da ɗoriya, a digiri 40 ya kusa 14, a digiri 50 ya kai wajen 17. Biyuten ya fi sauƙi, daga bar 2 yake tashi zuwa kusan 4, sannan wajen 5. Gas ɗin da ake kawo muku yana tsakanin biyun nan, gwargwadon haɗin da aka yi. Ko wanne aka ɗauka, tsakanin safiyar hunturu da azahar ɗin Afrilu matsin ya ƙaru da fiye da kashi 60 cikin ɗari.

Ba zan tsorata ku da ƙarya ba. Lafiyayyar tukunyar da aka cika bisa ƙa'ida an ƙera ta ta jure wannan har da rara, kuma ba duk wadda rana ta taɓa ce za ta fashe ba. Amma matsin nan a kan komai yake sauka: kan bawul, kan 'yar robar da ke bakinsa, kan tsatsar gindi, kan tiyon da rana ta busar har ya fara tsagewa. Duk inda ya sami rauni nan zai bi. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ta isa ta tare wa tukwane rana, kuma mai saye ya san hanyar shagonku ko ba a shanya masa kaya a bakin titi ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne cikawa. Nan zan daɗe, domin a nan ne mutum kan cuci abokin cinikinsa yana ganin alheri ya yi masa.

In na zo koyar da dokar da Robert Boyle ya wallafa a Ingila a 1662, sirinjin allura nake kawowa aji, wanda aka cire wa tsinke. Ɗaliba ta ja iska har lamba 10, ta toshe bakin da babban yatsa, ta danna. Sandar takan shiga har wajen lamba 5, yatsan ya yi fari don matsi ya ninka biyu, tana saki kuma sandar ta dawo da kanta. Dokar ke nan: muddin zafi bai canza ba, ka rage wa iska wuri da rabi, matsinta ya ninka. Sai in ce ta fitar da iskar ta ja ruwa har lamba 10, ta sake dannawa. Ko da hannu biyu ta danna sandar ba ta motsi. Iska tana takurewa in an matse ta, ruwa ba ya takurewa.

Filin da ake bari a saman tukunya aikinsa ke nan. Ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha sau goma da ɗoriya. In akwai fili, ruwan ya hau, tururin ya takure, wani ma ya koma ruwa, matsi bai wuce na zafin ranar ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kada ruwan ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na cikin tukunya. Ku ɗauki mai kilo 12.5, cikinta kimanin lita 26 ne. Lita ɗaya ta ruwan gas ta ɗan haura rabin kilo, don haka kilo 12.5 yakan ci lita 22 zuwa 23, ya bar lita 3 ko 4 a sama. Ka ƙara kilo ɗaya da rabi, ka cinye kusan duk filin. In da sanyin safe aka ɗura, aka ɗaure ta a bayan ɗan kabu-kabu ko aka kulle ta a but ɗin mota aka shiga kasuwa, kafin azahar ruwan ya kumbura ya taɓa sama. Daga nan abin ya koma sirinjin ruwa: kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ɗora bar da yawa, ba a hankali ba. Ko bawul ya saki, ko ƙarfe ya saki. In ma ta isa gida lafiya, ruwa ne zai fara biyo regileta maimakon tururi, uwargida ta ƙyasta ashana wuta ta yi sama da fuskarta.

Akwai kuma abin da ba kowa ya lura da shi ba. Furofen ya fi biyuten cin wuri: litarsa wajen giram 510 ce, ta biyuten wajen 580. Kilo 12.5 na gas mai yawan furofen zai bar fili ƙasa da wanda mai yawan biyuten zai bari, ga shi kuma ya fi matsi. Tun Janairun 2022 kamfanin sarrafa gas na NLNG da ke Bonny ya sanar da cewa duk furofen da biyuten ɗin da yake samarwa kasuwar cikin gida zai riƙa bai wa, ga kuma wanda ake shigowa da shi daga waje, saboda haka ba kullum haɗi iri ɗaya ke zuwa ba. Haƙƙinku ne ku tambayi mai tanka wane iri ya sauke muku.

Wata rana ina jiran layi a wani shago, na ga yaron ya kifa babbar tukunya mai kilo 50 a kan tsohuwar taya, ya haɗa tiyo zuwa 'yar kilo 6 da wata yarinya ta kawo. Babu sikeli a ƙarƙashinta. Da shigar ta tsaya sai ya zare tiyo, ya ɗan saki gas, farin tururi ya kwanta ya bi ƙasa, jikin tukunyar ya yi raɓa. Ya sake haɗawa, gas ya ci gaba da shiga. Can ya ɗaga ta kusa da kunne ya girgiza, da bai ji motsi ba ya ce wa yarinyar, "Ki gaya wa Hajiya na cika mata taf, har da gyara." Yaron nan ba mugu ba ne, dabararsa ma tana da tushe: in ka saki tururi, ruwan ciki ya tafasa ya yi sanyi, matsi ya faɗi, sai wani ya samu shiga. Abin da ba a koya masa ba shi ne rashin motsin nan alama ce ta babu sauran fili, kuma gas ɗin da ya saki bai tafi ko'ina ba, yana nan kwance a ƙafafunmu. Sai da na nemi maigidan ya juye wani a wata tukunya kafin yarinyar ta ɗauka.

Gyara a mudun gero da kashin tumatir alheri ne, muna godiya. A tukunyar gas ba ma so. Mu ma mata mun ɗauki alkawarin faɗa wa juna a daina roƙo, a daina aiko yara da "a ce masa ya cika da kyau".

Wannan ya kawo ni kan sikeli. Wasu suna dogara da geji, su kalli allura su ce ta cika. Geji matsi yake faɗa, ba yawa ba. Muddin akwai sauran ruwa a ciki, matsin na zafin ranar ne, tukunyar da ke da kilo 12 da wadda ta rage kilo 2 kusan wuri ɗaya allura za ta tsaya. Nauyi ne kawai ke faɗin gaskiya. A jikin hannun kowace tukunya ko wuyanta an buga nauyinta in babu komai a ciki. A ɗora ta kan sikeli kafin a haɗa tiyo, a cire wancan nauyi, a ga ragowar da ke ciki. Sau da yawa mutum yakan kawo tukunya da sauran kilo biyu, ya biya kuɗin 12.5, a ɗura masa duka a kai ba tare da an duba ba. Ba a yi niyyar gyara ba, amma an wuce iyaka.

Mata da yawa suna zarginku da ɗura musu iska, wai shi ya sa gas ke saurin ƙarewa. A nan kam zan kare ku. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa giram ɗaya ce da ɗan kaɗan, duk cikin tukunyar 12.5 bai ɗauki giram 35 ba. Babu mai iya sayar wa wani kilon iska. In gas ya ƙare da wuri, a duba yoyo, a duba kan murhu, a duba sikelin da aka auna. Wanda sikelinsa ke da lanƙwasa ya san kansa, kuma addini ya riga ya yi magana kan masu tauye mudu, ba sai na ƙara ba.

Inda iska ke da illa shi ne sabuwar tukunya. Daga kamfani takan zo cike da iskar waje. John Dalton ya nuna tun 1801 cewa in iskoki suka haɗu a mazubi ɗaya, kowace tana ba da nata matsin, sai a tara. Iskar waje ba ta komawa ruwa a wannan matsi. Ruwan gas yana shiga yana tura ta sama, lita 26 ta takure cikin lita 4, matsinta kaɗai ya iya kaiwa bar 5 ko 6, a ɗora a kan na gas. Sabuwar tukunya babban gidan gas ya kamata a fara kai ta a fitar da iskar, ba shagon lungu ba.

Sai yoyo, wanda shi ke cin maƙwabta. Jama'a suna ɗauka gas in ya fita sama yake yi ya bi taga. Ba haka ba ne. A ma'aunin kemistiri nauyin ƙwayar furofen 44 ne, na biyuten 58, iskar da muke shaƙa kuwa wajen 29. Ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa, ya taru a rami. Amedeo Avogadro, mutumin Italiya, ya ce a 1811 iskoki masu cika wuri ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne. Daga nan aka samo lita 22.4 ɗin da ɗalibanmu ke haddacewa don jarrabawar WAEC da NECO, wato wurin da giram 44 na furofen ko giram 58 na biyuten ke cikawa in ya zama tururi. In aka yi lissafi da ita, kilo ɗaya na gas ɗin girki yakan ba da tururi wajen lita 500. Gas ɗin nan yana kama wuta da zarar ya kai kashi 2 cikin ɗari na iskar wuri, har zuwa kusan kashi 10. To lita 500 ita ce kashi 2 na lita 25,000, shago mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 3 kuwa lita 27,000 yake ɗauka. Kilo ɗaya tak ya isa ya mai da shagon gaba ɗaya abin da ke jiran tartsatsi. Tartsatsin kuma ba ya wuya a layinmu: makunnin lantarki, janareta, murhun mai shayi, kaskon mai ƙosai, tashin babur, guntun sigari.

Gas ɗin kansa ba shi da wari, wani sinadari mai ɗoyi ake sa masa takanas don hanci ya kama. Sai dai hanci yana sabawa. Yaron da ya wuni a shago yakan daina ji, baƙon da ya shigo ne zai toshe hanci. Don haka kada a dogara da hancin yaron shago. Ruwan sabulu a roba da ɗan soso, a shafa a bawul da mahaɗar tiyo, in kumfa ta tashi akwai yoyo. Ban san wani gwaji da ya fi wannan araha ba.

Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon ɗurin gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin atom ta Najeriya, wanda ba gas ya je saya ba, yana shagon aski ne a kusa. Ranar 24 ga Disamban 2015 a Nnewi, mutanen da suka yi layi don ɗura gas ɗin girkin Kirsimeti ne wuta ta rutsa da su. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yaran Islamiyyar layinmu da la'asar suke tashi, daidai lokacin da ƙarfe ya gama shan rana kuma ciniki ya fi yawa.

Kan tsofaffin tukwane ba zan ja dogo ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta. Fenti ba ya mai da tsohuwa sabuwa. Muna ganin waɗanda gindinsu ya cinye, da waɗanda suka loɓe, da waɗanda aka kai wa mai walda ya ɗinke, duk ana ɗura musu don kada a ɓata wa mai ita rai. Walda ce ta fi ba ni tsoro, saboda kalmar nan da ake yawan faɗa, "ai fanko ce". Tun 1643 Evangelista Torricelli ya nuna a Italiya cewa iskar da ke kanmu tana da nauyin da ke riƙe zaiba mai tsayin milimita 760 a cikin bututu, wato wajen bar ɗaya. Geji daga saman wannan yake fara ƙirga. In allura ta kwanta a sifiri, ma'anarsa matsin ciki ya daidaita da na waje ne, shi ya sa gas ya daina fitowa. Lita 26 ta tururi tana nan a ciki, ga guntun dagwalon da ya kwanta a gindi. Iska ta ɗan shiga ta wurin tsagewar, mai walda ya kawo wutarsa, shi ke nan. Ku gaya wa masu walda na layinku, don daga hannunku tukwanen ke zuwa wurinsu.

Haka nan, yanzu da ake ta maganar mayar da motoci su koma amfani da CNG, wato iskar gas ɗin da ake matsewa a tukunya a maimakon fetur, kada wani ya zo muku da dabarar ɗaura tukunyar girki a mota. CNG wajen bar 200 ake matse shi, tukunyar girki ba don haka aka yi ta ba. A watan Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar da ba ta ƙa'ida ba ta fashe a wurin ɗurin CNG a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata.

Ga abin da muke roƙo. Kada a haɗa tiyo da kowace tukunya sai tana kan sikeli, fuskar sikelin kuma ta kalli mai saye, a auna kafin ɗuri da bayansa. Kada a wuce kilon da aka rubuta mata, ko uwar mai shago ce ta aiko. A daina sakin gas a iska don a samu shiga. Wanda ba shi da famfon ɗuri da wurin da ya dace, ya tattara tukwanen jama'a ya kai babban gidan gas a cika, ya ɗora ladansa a kai, mun yarda mu biya. Tun zamanin DPR, tsohuwar hukumar kula da harkar man fetur, hukuma ta sha gargaɗi kan juye gas daga tukunya zuwa tukunya, yanzu kuma hukumar NMDPRA, wadda aka kafa ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, ita ke ba da lasisi. Wanda ya samu nasa ya maƙala shi inda ido zai gani, wanda bai samu ba ya nema.

A kai tukwane inuwa, a tsaye, a wurin da iska ke ratsawa ta ƙasa, ba ta saman bango kaɗai ba. A nisanta janareta. A ajiye abin kashe gobara mai hoda wanda wa'adinsa bai wuce ba, kuma kowane yaro ya taɓa riƙe shi ya san yadda ake zare fil. A gayyaci jami'an kashe gobara su duba wuri, kada a jira sai sun zo da jiniya. Shagon da ke manne da makaranta ko masallaci ko mai wuta, ku manyan sana'a ku taimaka masa ya sami wani wuri, ku kuka fi kowa sanin inda fili yake, kuma maganarku ta fi tamu shiga kunnensa. Tukunyar da ta wuce shekarunta ko ta sha walda, a mayar wa mai ita ba a ɗura ba. Wannan ba zai yiwu ba sai kun haɗa baki, don in ɗaya ya ƙi na gaba ya karɓa, mai gaskiyar ne zai yi asarar ciniki. Ku zauna a matsayin 'yan sana'a ɗaya ku yanke, ku sa wa mai saɓawa tara a tsakaninku.

Muna kuma roƙon ku zama malaman masu saye, don kun fi mu ganinsu. Ku hana ɗan kabu-kabu kwantar da tukunya. Ku gaya wa mai shayi da mai abinci su daina kwantar da ita ko matsar da ita kusa da wuta in ƙarfinta ya ragu: sanyi ta yi saboda yawan ja, ba ƙarewa ba, regileta kuma tururi aka yi shi ya karɓa ya rage shi zuwa wajen kashi 3 cikin ɗari na bar ɗaya. In ruwa ya bi ta cikinsa, kowace lita takan zama tururi kusan lita 250 a bakin murhu. Ku gaya wa duk matar da ta zo: in ta ji wari, ta kashe regileta, ta buɗe ƙofa da taga, kada ta taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, ta fitar da yara, kada ta nemi wurin yoyo da ashana.

Na ƙarshe shi ne yaranku. Yawancin waɗanda ke riƙe da tiyo samari ne da aka nuna wa yadda ake buɗewa da rufewa, ba a gaya musu dalili ba. Wasunsu sun zauna a azuzuwanmu, sun rubuta dokar Boyle a takarda ba su taɓa jin ta a yatsa ba, wannan kuma aikinmu ne mu malamai. Mu da muka sa hannu a wannan takarda a shirye muke mu zo ranar Asabar, kyauta, da sirinji da balan-balan da kwalba da ruwan zafi da sikeli, mu zauna da su awa biyu a ƙofar mai unguwa ko duk inda kuka zaɓa. Ku kuma ku nuna mana abin da kuka sani na bawul da regileta wanda babu shi a littafinmu, mu kai wa ɗalibai. Duk layin da ya shirya ya sanar da mai unguwarsa, saƙon zai iso mu. Muna so a fara kafin zafin Afrilu ya kai ƙarshensa.

Allah Ya kiyaye mu da ku daga gobara.

Wassalam.

'Yar'uwarku,
Malamar kemistiri, a madadin matan layi da maƙwabta da malaman kimiyya,
Birnin Kebbi.